Ƙafar Yayata

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga cikinsu ina shugaban makaranta, kuma babu gargaɗin da na fi nanata wa ɗalibaina kamar cewa kada mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san nauyin kuskuren da zan ba da labarinsa, ya kuma san cewa ba jahilci ne ya jawo shi ba.

Yayata ta girme ni da shekara shida, ita ce ta goye ni. Lokacin da aka bukaci mahaifinmu ya ba da yaro ɗaya a sa shi makarantar boko, ni aka bayar, ita kuwa ta zauna a Yindiski tana noman gyaɗa da wake har ta haura saba'in. Malam take kirana, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don zolaya, kuma har yau ban iya rarrabe su ba. Ciwon suga ya daɗe a jikinta. A daminar bara ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ta ɓoye wa kowa, tana sa magani irin na gida, har wari ya tona asirin. Da na ɗauko ta daga can zuwa asibitin Potiskum, likita ya duba, ya ce babu makawa sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Abin da ya fara sosa mini rai shi ne yadda ya faɗi hakan. Tana kwance a gabansa, idonta biyu, tana jin Hausa sarai ko da yake harshenta na Ngizim ne, amma ni ya fuskanta.

"Baba, ka yi mata bayani. Gobe da safe za mu shiga da ita."

"Likita, ai ga ta nan," na ce. "Ƙafar ba a jikina take ba."

Ya yi murmushi irin na wanda marasa lafiya da yawa ke jiransa, ya wuce gado na gaba. Ba na ce mugu ba ne. Yaro ne mai ƙoƙari, kuma aikin da ya yi mata ya yi kyau.

Bayan ya tafi ta yafito ni da hannu.

"Malam, na ji abin da ya ce. Su yanke, na yarda. Amma ƙafar tawa ce. Ka karɓo ta, ka naɗe ta da farin ƙyalle, ka kai ta maƙabarta kusa da Inna. Kada ranar tashi kowa ya miƙe, ni ina rarrafe ina neman ƙafa a juji."

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma na san ba wasa take yi ba. Haka malamanmu suka koya mana tun muna ƙanana: gaɓar da aka raba da jikin mutum ba shara ba ce, ana suturta ta a binne. Na ɗaukar mata alkawari.

Da la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta zo da takardar amincewa, shafi biyu da Turanci. Ta dube ni, ta dubi farin gemuna da babbar rigata, sannan ta ce:

"Baba, za ka iya sa hannu, ko in kawo tawada ka dangwala?"

Ni, da na koya wa iyayen sa'o'inta riƙon alƙalami! Na zaro alƙalamina daga aljihu, na karɓi takardar, na juya shafi na biyu kai tsaye, na rattaba hannu da duk ƙawar da aka koya mana a kwalejin horon malamai. Na miƙa mata ban ko kalle ta ba. Layi ɗaya ban karanta ba, don kada ta ga ina bin haruffa a hankali ta zaci ƙoƙarin haɗa su nake yi.

Aka yi aiki lafiya. Washegari na sayi farin yadi, na ninke shi a hammata, na nufi ɗakin tiyata. Suka ce in je ɗakin gwaje-gwaje. A can suka ce ba hurumunsu ba ne, in je ofishin sakatare. A ofishin sakatare aka ce ya tafi taro Damaturu, in dawo gobe. Na dawo, na zauna a kan benci tun hantsi har azahar. Kowane ma'aikaci da ya wuce sai ya rusuna ya ce, "Sannu Baba," kuma babu wanda ya tambayi abin da ke tafe da ni. Duk maraice idan na shiga wajen Yayata, yadin da ke hammatata kawai take kallo.

A rana ta uku sakataren ya dawo. Ya saurare ni da ladabi, ya sa aka ɗauko fayil, ya ɗora yatsa a kan sakin layi na uku. An rubuta cewa duk abin da aka cire daga jikin majiyyaci, asibiti na da ikon yin yadda ya ga dama da shi.

"Ga sa hannunka nan, Baba," ya ce. "Kai, rubutun da kyau! Yanzu ba a samun irinsa."

Da na koma gidana a unguwar Bolewa na kira surukina, mijin ƙaramar 'yata, wanda ke koyar da falsafa a jami'a. Ya sha kawo mini rubuce-rubucen masana a kan martabar ɗan Adam, kuma na karanta su da alƙalami a hannu, kamar yadda na saba. Na san muhawarar da suke yi a kan ko mutum ne ya mallaki jikinsa ko amana ce aka ba shi. Na san masu cewa martaba ba ta raguwa da talauci ko tsufa, da masu cewa ikon hukuma daga yardar talakawa yake fitowa. Ban taɓa musun ko ɗaya ba. Na kwashe labari na gaya masa.

"Baba, bisa ƙa'ida, yardar da aka karɓa ba tare da fahimta ba, ba yarda ba ce. Kuma ma ita ya kamata a tambaya, ba kai ba. Masana sun yi ittifaƙi a kan wannan."

"Madalla," na ce. "Ita ƙa'idar, a wane ofis take zama a Potiskum, in je in same ta?"

Nan take na ji kunyar huce haushina a kansa. Sai dai tambayar tana nan. Idan yardar talaka ce tushen iko, kuma haka ake karɓarta, da Turanci, daga hannun ɗan'uwa, a gefen gadon mai ita, to, ban san sunan da zan ba wannan iko ba. A Kasuwar Shanu, in aka yanka bijimi, fata da kai da ƙafafu duk an san mai su tun wuƙa ba ta sauka ba, kuma mahaucin da ya ɓatar da kofato ɗaya sai ya yi bayani. Ƙafar mutum ce kaɗai aka rasa wanda zai ce ga inda take.

A rana ta huɗu wata mai shara ta ji tausayina ta nuna mini bayan asibiti, inda ake ƙona tarkace. Na tarar da wani dattijo, Bakarkare a ƙabila, sa'ana, yana juya toka da shebur. Na yi masa sallama na faɗi bukatata. Ya ajiye shebur ya riƙe baki.

"Alhaji, shekaranjiya na ƙone ta. Kwana biyu na ajiye ta a gefe ina jiran mai ita. Me ya hana ka zuwa nan? Mutanen ƙauye da Fulani ba sa zuwa ofis, nan suke zuwa da buhunsu, in ba su abinsu su tafi."

Shekaranjiya, wato ranar da nake zaune a kan benci, taku kaɗan daga wurin, ina jiran a ba ni izini a rubuce.

Na rubuta wa hukumar asibitin wasiƙa shafi uku, na roƙi a fassara takardar da Hausa, a karanta wa majiyyaci da kansa, a kuma tambaye shi abin da yake so a yi da gaɓarsa. An buga hatimi an karɓa. Har yau ba a amsa ba.

Gaya wa Yayata shi ne abu mafi wuya. Na yi tunanin in ce na binne, domin ba ta da ƙafar zuwa ta duba. Ban iya ba. Na zauna a bakin gadon na faɗa mata komai, har da zancen tawada da alƙalami. Ta juya fuska ga bango, ta yi wasu maganganu da Ngizim waɗanda rabon da in ji su daga bakinta tun ina yaro mai ɓarna. Can ta juyo.

"Je ka ɗebo tokar."

"Yaya, a haɗe take da auduga da bandeji da abin da ban sani ba. Ba ke kaɗai aka yi wa aiki a makon nan ba."

"Na ce ka ɗebo, Malam. Ko ita ma sai an rubuta maka?"

Na koma wajen dattijon. Ya nuna mini gefen da yake zato, na durƙusa da babbar rigata na ɗibi tafi uku a cikin yadin. Limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa gaɓa salla, a dai haƙa rami mai zurfi. Ni da shi muka je, na haƙa da hannuna kusa da kabarin mahaifiyarmu, muka rufe.

Da na dawo ta tambaye ni ko an yi. Na ce an yi, amma gaskiya ban san tokar wa na binne ba.

"Ko ta wa ce, ai ta mutum ce," ta ce. "Miƙo mini ruwa."