Zaren da Subasini Ta Bari

Dukhishyam Meher masaƙi ne a ƙauyenmu, can cikin gonakin shinkafa na Bargarh. Shekara talatin da takwas yana saƙa, bai taɓa ɗaure zare ba. Wannan aikin matarsa ne, Subasini. Ita ke ɗaure zaren gaɓa-gaɓa kafin rini, ta naɗe a kwarkwaro, ta jera bi da bi a faranti. Shi nasa ya ɗauki na farko, sai na biyu, ado ya fito da kansa.

"Kai ƙafa ce kawai," takan ce. "Ni ce ido."

"To, Ido, miƙo min shayi."

Da damina Subasini ta rasu, saura wata guda bikin sabuwar shinkafa. Ta bar faranti ɗaya a jere, na sari, dogon zanen mata, wanda ta yi wa surukarsu Padmini alkawari. Ba wanda ta gaya wa adon da ta ɗaure.

Rana ta goma aka wanke gida, kamar yadda ake yi bayan mutuwa. Padmini ta juye kwarkwaron duka a kwando, ta wanke farantin.

Ina bakin ƙofa lokacin da ya gani.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, Baba. An ce a wanke komai."

"An ce," ya maimaita. Bai yi faɗa ba. Ya zauna.

Na ce, "Kawu, kai wa matar Bhagirathi ta jera maka mana, ai ita ma tana ɗaure zare."

"Waccan? Ko gashin kanta ba ta iya jerawa."

Kwana uku yana gwadawa. Ya saƙa taƙi guda, ya duba, ya warware. Ana miƙo masa abinci ya ci, ana ɗauke kwano bai sani ba. A rana ta huɗu ya daina warwarewa. Duk wanda hannunsa ya faɗa kai, shi yake sakawa a ƙoshiyar saƙa.

Jajibirin biki ya yanke sarin daga masaƙa. Ja da fari ne a warwatse, nan rabin da'ira, can wani abu kamar wutsiya. Padmini ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana juya shi.

"Baba, kifi ne ta so yi?"

Ya dubi sarin, ya dubi farantin da ba komai.

"Ban sani ba, 'yar nan. Ban taɓa tambayarta ba."