Karen da Bai San Jifa Ba

Da yaƙi ya koro mutanen Khartum, wata mata da 'yarta suka sauka a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Suki, suna jiran motar da za ta wuce da su. Suna tare da kare. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gashinsa dogo ne, launin alkama ranar girbi, idanunsa kuwa irin na masoyin da ake bari a tasha cikin littattafan soyayyar da na taso ina karantawa. Da motar ta zo, direba ya rantse kare ba zai hau motarsa ba. Matar ta danƙa mini igiyarsa, tana magana da Larabci cikin sauri: zai zubar da gashi, yana son ruwa, ba ya jure kaɗaici. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, mota ta tashi.

Baba ya dogara sandarsa, don ciwon baya ya daɗe da kama shi, ya yanke magana. "Kare ba ya zama gidan Musulmi sai da aiki. In ya tsare hawasha ya zauna, in ya kasa ya kama gabansa." Hawasha ita ce gonarmu ta ban-ruwa.

Bai tsare komai ba. Da rana sai ya kwanta gindin randa inda ruwa ke ɗiga, harshe a waje. Gashinsa ya bi tabarma, ya bi mayafin Inna, har cikin miya. "Ke 'yar nan, wanga masoyi naki zai kashe ni da wanki," in ji Inna, alhali ita ke ajiye masa ƙanzo. A garinmu, in mutum ya sunkuya kamar zai ɗauki abin jifa, kowane kare ya san ma'anar. Shi kuwa rawa yake yi. In an jefe shi da totuwa, ya bi ta a guje, ya dawo da ita ƙafar mai jifan. Wannan ne abin da matar ba ta samu ta faɗa mini ba.

Ranar da awakin maƙwabta suka shiga gyaɗarmu, ya raka su yana kaɗa wutsiya, haƙurin Baba ya ƙare. Ya ja shi bakin babbar hanyar ruwa don ya kore shi, ina biye ina share hawaye. Ya daka masa tsawa da Hausa, ya sake da Larabci. Kare ya zauna yana kallonsa. Baba ya wurga masa sandarsa, ta wuce shi ta faɗa ruwa.

Kafin in ƙifta ido kare ya yi tsalle cikin ruwan. Ya fito da sandar a baki, ya ajiye ta gaban Baba, ya girgije ruwan jikinsa kan farar jallabiyarsa.

Baba ya dubi karen. "Kin ga sakarai?" ya ce a hankali. "Ana korarsa, shi yana zaton kiransa ake yi." Na miƙa masa sandar, ya ɗauraye ta, ya jujjuya ta a hannu. Sai ya sake jefa ta, wannan karon kusa-kusa, inda ruwa ba zurfi.

Da muka koma gida Inna ta gan mu mu uku, ta riƙe baki. "Malam, ba kora ka tafi yi ba?"

"Ya sami aiki," in ji Baba, yana matse gefen rigarsa. "Ƙafafuna sun gaji da bin abin da ya faɗi."