Uwar Famfo

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta rufe littafin, ta jira in share fuska mu ci gaba.

Shekara arba'in da ɗoriya na yi da Malam a gidan nan na Azare, ban taɓa tambayar ta ina ruwa ke bi ba. Ni dai in murɗa famfo ya zubo. Ranar da ya kafa mana tanki a kan ƙarfe bayan ɗakina na yi guɗa, daga nan ban ƙara waiwayar abin ba. Yakan ce, "Ke, in ruwa ya ɓalle ba na nan, ki rufe uwa." In ce to. A raina uwa ita ce babban famfon tsakar gida, tunda ya fi na banɗaki da na madafi girma.

Ina cikin takaba, ko wata ban yi ba, abin ya faru. Masu zaman makoki sun watse, 'yata ta koma wurin aikinta a Gadau. Dama ƙanin Malam ya ce ɗakina tsohon ginin ƙasa ne, siminti kawai aka shafa masa, in zo Disina in ƙarasa takabar a wurinsu. Na ƙi. A ɗakin nan Malam ya cika, a nan zan yi masa kwanakinsa.

Na idar da sallar azahar, na ɗaga darduma, sai na ji gefenta da lema. Na duba gindin bango, ya yi baƙi daga kusurwa har bayan gado. Na dafa, yatsana ya shige kamar a cikin tuwo. Rana tsaka, bazara, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Na kasa kunne na ji wani siririn sauti a cikin bangon, sssss, kamar mutum na jan numfashi ta haƙori. Haka Malam ya yi ta yi a kwanansa na ƙarshe. Na ja da baya. Na yi ta salati, ban ma san wanne nake yi ba.

Da hankalina ya ɗan dawo na tuna maganarsa. Na ruga tsakar gida na murɗe babban famfo har hannuna ya yi zafi. Na rufe na banɗaki, na rufe na madafi. Na dawo, ruwa ya kai ƙafar gado, wani ɓangaren siminti ya zubo a gabana. Ga ni mai takaba, ba zan fita titi neman maza ba. In bangon nan ya faɗi, Disina za a kai ni kafin magariba.

Na je jikin katanga na ƙwala wa maƙwabciyata kira. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga kudancin Bauchi take, kowa Sista yake ce mata. Ta shigo da kumfar wanki a hannu.

"Mama, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

"Sista, bangona yana numfashi."

Ta shiga ta kasa kunne. "Wannan ba numfashi ba ne, Mama, bututu ne ya fashe. Numfashi kala-kala na ji a asibiti, babu mai jiƙa darduma. Kin rufe ruwan?"

"Na rufe uwa."

Na nuna mata. Ta riƙe haɓa. "Haba Mama! Wannan ai ɗa ne, ƙato ne kawai. Kin toshe bakin 'ya'ya, uwa tana can tana ta turo musu. Duk ruwan ta wurin fashewar yake fita."

Ta buɗe babban famfon don a rage wa bangon, ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki. Ta ce in bi da ido. Bututu ɗaya ne ya sauko daga tanki, shi ya rabu zuwa ko'ina, kuma kafin ya rabu dole akwai marufi. Muka bi shi har ƙasa. Sai ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar tasa da aka kife. A kan tasar akwai butar Malam.

Nan ya ajiye ta bayan alwala ta ƙarshe da ya fito ya yi da ƙafarsa. Na hana kowa taɓa ta, har ranar sadakar bakwai da gida ya cika. Da sauran ruwansa a ciki.

Sista ta miƙa hannu. Na ce, "Kada ki taɓa!"

Ta janye. "To Mama, ke ki ɗauka. Ko buta ko ɗaki."

Daga ciki muka ji wani abu ya sake zubowa. Na durƙusa ina kuka da ƙarfi, ban ji kunyarta ba. Na ɗauki butar na rungume, ruwan ya tsiyaye mini a zane. Ta ɗaga tasar. Ga wani jan hannu na ƙarfe, bai fi yatsa biyu ba, Malam ya kifa masa tasar saboda awaki.

"Ke za ki rufe, don ki sani. In ya kwanta tare da bututu, ruwa na tafiya. In ya gitta, ya tsaya."

Na gitta shi. Babban famfo ya yi tari ya yi shiru. Muka koma ɗaki, bango ya daina numfashi.

Washegari mijin Sista ya kawo mai gyaran famfo, na yi masa bayani ta bayan labule. Ya ce gwiwar bututun ce ta tsage, wato inda ya lanƙwasa ya shiga bango. Magini ya ɗaure gindin ginin. Da ƙanin Malam ya zo ya ga sabon yaɓe, ya buɗe baki, na ce, "Na rufe uwa da hannuna, ɗaki yana nan." A ciki na gama takabata.

Butar ban mayar da ita kan tasa ba. Da ita nake alwala yanzu, kuma duk cikawar da zan yi sai na yi kuka.