Tukunyar Kufai

Ban yi boko ba. Abin da na sani na mutanen da, a bakin kakata Iya Tabawa na ji shi, a wani ƙauye gabas da Daura wanda yanzu babu shi.

Da sanyi, in an ci tuwo, takan tura kara a wuta mu kewaye ta. Maigida take kirana, ta ce mijin da bai kawo ko dami ɗaya ba ya matsa baya.

Tatsuniyar da ta fi yi ta wani manomi ce da ya tono tukunya a kufai. Ya zuba ruwa, da safe babu ko ɗigo, alhali ba ta tsage ba. Ya zuba gero, haka. Sai tukunyar ta ce ba za ta riƙe komai ba sai an faɗi sunan wadda ta gina ta. Ya shiga gari gari yana tambaya. Nan Iya take tsayawa. In mun ce sai me, ta ce, "Sai me? Har gobe yana yawo. Ku tashi."

Yunwa ta watsa garinmu. Iya ta rasu, ƙanena Ilu ya bi ta. A bayan rumbunmu na binne shi, don babu mai ƙarfin kai shi maƙabarta. Na yi dako a Kongolam, can bakin iyaka, har bayana ya ranƙwafa.

Bana jikata Hadiza ta zo hutu. Haɗa magani take karanta a jami'a, amma ta ɗora wani karatun a gefe, na mutanen da. Ta ce a ciki akwai masu tonon ƙasa, masu duba ƙashi, masu bin harshe da waƙa, kowa ya kawo abin da ya gani a haɗa. Malaminsu yana neman kufai, ta ba shi labarin namu, yanzu suna so in kai su.

Na tambaye ta su wane ne mutanen da. Ta ce waɗanda babu mai tuna su.

"To ni na mutu ne, amarya?"

Na gaya mata inda Ilu yake.

Ta ce, "Ango, in ba ka je ba wani zai kai su. Shi kuma bai san bayan rumbunku ba."

Na je. Na tsaya a kan kabarin Ilu, na kafa sandata, suka yi tononsu can nesa. Da la'asar Hadiza ta kawo mini tsingaro mai zanen igiya, ta ce ko na san mai shi. Na san hannun. Gajeruwar mata ce mai gurguwar ƙafa, ta sha ba ni ƙanzo. Sunan ya ƙi zuwa. Har yau bai zo ba.

Ashe Iya ba rowar ƙarshen labari take mana ba. Iyakarsa ke nan.

Kafin mu bar wurin na sa Hadiza ta dafa ƙasar, ta ce Ilu. Na ce ta sake faɗa.