Nicholas Mai Silba da Matarsa Jummai

Nicholas Kazah mutumin Zonkwa ne. Ya shigo Kaduna yana saurayi, ya yi shekara goma sha tara yana gyaran inji a wata masaƙa a Kakuri. A 1983 aka rage ma'aikata, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gidansa a Maƙera da akwatin kayan aiki, ya yi sati biyu ko ƙofar gida ba ya leƙawa.

Sana'ar da ya kama daga baya ba shi ya neme ta ba. Maƙwabcinsa George direban tasi ne, yana da tsohuwar Fijo 404. Wata rana mai amalanke ya goge masa motar, siririn ƙarfen silba da ake yi wa gefen mota ado da shi ya lotse tun daga ƙofar gaba har ta baya. Lokacin kayan gyaran mota sun yi wuya, George ya zagaye kasuwa bai samu sabo ba. Nicholas ya ce ya ciro masa ya gani. Ya kifa ƙarfen a kan katako, ya fere guntun ice daidai cikinsa, ya riƙa bugawa ta baya da ƙaramar guduma, a hankali ƙwarai. Ya bi da magagari, ya bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan ya goge da tsumma. Kwana biyu ya yi a kai. Da George ya mayar da ƙarfen jikin mota, sai ya ja da baya ya daɗe yana kallo.

"Oga Nicholas," in ji shi, "ashe hannun nan kake zaune da shi a ɗaka?"

Labari ya bazu a tashar tasi. Masu gyaran bodi ba su da haƙurin silba, domin in ka buge shi da ƙarfi sai ya miƙe, kuma ba ya komawa. Sai suka riƙa turo masa aiki: adon Bolsuwaja, zoben fitilar Ofel, har da na wata tsohuwar Marsandi ta Alhaji Inuwa, wani ɗan kasuwa a Unguwar Sanusi da ba ya yarda kowa ya taɓa masa mota. Nicholas ya kafa rumfa a gindin mangwaron ƙofar gida, kusa da inda matarsa Jummai ke toya ƙosai da safe. Aka koma kiransa Mai Silba.

A shekara ta uku Jummai ta lura ya fara kai ƙarfe kusa da hancinsa kafin ya buga. Ran nan ta miƙa masa kofin shayi, hannunsa ya wuce ta gefe. Ta bari masu sayen ƙosai suka watse, ta jawo kujera ta zauna.

"Baban Irene, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon."

Ya ajiye gudumar. "Tun damina. Kamar hayaƙi nake gani. Babban lotsi yatsana na jinsa, amma ƙananan sai da ido. In mutane suka ji, sun daina zuwa."

Washegari Jummai ta karɓo alli wurin 'yarsu Irene, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce ya nuna mata abin da yake dubawa. Ya sa ta ɗaga ƙarfen ta fuskanci wayar lantarkin da ta ratsa layin.

"Kin ga hoton wayar a cikin ƙarfen? In ta tafi a miƙe, lafiya. Inda ta karkace, nan ciwon yake."

Haka suka fara. Ita ta duba ta zagaye wurin da alli, ta ɗora yatsansa a kai, shi kuma ya buga tana cewa, "Kaɗan kuma. Kaɗan. Tsaya!" Da fari faɗa suke yi, don ba ya tsayawa in ta ce ya tsaya, har suka ɓata adon wata Fijo. Daga baya hannunsa ya saba da muryarta. Ta koyi riƙe magagari, farcenta ya yi baƙi, matan zumunta a coci suna yi mata tsiya wai ta zama makaniki.

Kusan shekara biyu suna haka. Wata rana Alhaji Inuwa ya zo da hantsi ba zato, ya tarar da Jummai riƙe da yatsan mijinta a kan ƙarfen motarsa. Nicholas ya so ya kawo wani dalili, sai kuma ya fasa, ya gaya masa gaskiya.

Alhaji ya ce, "Haba Malam Nicholas. Yanar ido ce fa, ana cirewa. An yi wa yayana a Kano. Ranar Litinin ina da tafiya, ku shirya."

A Marsandin ya kai su asibitin ido a Kano. Aka yi aikin, idon dama ya buɗe, na hagu ya riga ya lalace. Ranar da aka kwance bandejin Jummai na tsaye a bakin gado. Nicholas ya ƙura mata ido har ta tsargu ta gyara ɗankwali.

"Maman Irene, yaushe kika yi furfura haka?"

"Ka tambayi gudumarka," in ji ta, tana share hawaye da bakin zane.

Ya dawo Maƙera da tabarau mai kauri. Jummai ta bar wa ƙanwarta kaskon ƙosai, ta ce aikin magagari ya zama nata, domin ta fi shi sauƙin hannu, shi ma bai yi musu ba. A 1989 suka koma wani ɗan gida da suka gina a Gonin Gora, suka kafa rumfa a bakin hanyar Abuja, direbobin da suka san su suna biyo su har can.