Ranar da Na'ura Ta Ƙi Yatsun Baba

A gida Auta ake ce mata, ko da yake ta ba shekara talatin baya. A wurin aiki kuwa Mai Makulli suke kiranta, don duk wanda zai shiga manhajar kamfaninsu sai ya bi ta ƙofar da ta gina. Mama ba ta taɓa gane aikin sosai ba. In maƙwabta suka tambaye ta, sai ta ce, "Gadi take yi, amma a cikin kwamfuta. A zaune take yinsa, ga fanka a kanta."

Auta ba ta musa wannan bayani, don bai yi nisa da gaskiya ba. Aikinta na farko bayan ta gama karatu shi ne amsa waya a wani ofis da mutane ke kira in sun manta kalmar sirrinsu. Shekara uku ta yi a kan wannan kujera, kuma a nan ta san halin ɗan Adam. Ta ga mai sa ranar haihuwarsa, ta ga mai sa ɗaya zuwa shida, ta ga wanda ya rubuta tasa a takarda ya manna a goshin kwamfuta don kada ta ɓace masa. Akwai wani bawan Allah da ya kira sau goma sha ɗaya a wata guda, har ta riƙa gane shi daga tarinsa. Ta kuma sha jin masu wayo, mutum ya kira yana marairaicewa, ya rantse shi ne wane, alhali ko hanya ba su haɗa ba. Tun daga lokacin ta daina yarda da daɗin baki.

Daga baya ta koma wani ƙaramin kamfani da ke yi wa asibitoci manhaja. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, da tebur bakwai, da farin allo wanda ba ya goguwa sosai, da butar shayi ta lantarki wadda sai an danne murfinta da littafi take tafasa. Teburinta na bakin taga, kusa da na Dogo, wanda aikinsa kenan neman ɓaraka a duk abin da ta gina. Kullum cikin musu suke, amma in ɗaya bai zo aiki ba, ɗayan ba ya jin daɗin shayinsa.

In aka ɗauki sabon ma'aikaci, Auta kan ja shi gaban allo ta ɗaga yatsu uku. "Hanya uku ce na'ura ke gane mutum," in ji ta. "Ko abin da ka sani, kamar kalmar sirri. Ko abin da kake riƙe da shi, kamar waya ko kati. Ko abin da ke jikinka, kamar zanen yatsa. Na farko ana mantawa, na biyu ana sacewa. Na ukun kuwa da shi aka haife ka."

Na ukun nan ta fi ƙauna. Saboda haka da labari ya zo cewa a wani asibiti an ba wani mutum maganin takwaransa, don sunansu ɗaya har na uba, ita ce ta miƙe ta ce a bar mata. Wata biyar ta yi tana aikin. Ta tsara yadda fayil ɗin marar lafiya ba zai buɗu ba sai ya ɗora yatsansa a kan wani ɗan gilashi, in ya yi kore an san shi, in ya yi ja ba a san shi ba. In yatsa ya ƙi, sai a aika lamba shida zuwa wayarsa ya karanto. Duk ranar Litinin takan duba rahoto ta ga sau nawa gilashin ya yi ja, ta juya wa Dogo fuskar kwamfutar ta ce, "Ka ga ɓarayin da na kora a makon nan?"

Shi kuwa Baba magini ne. Ya fi shekara arba'in yana ɗora bulo kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yana da hawan jini, duk farkon wata yakan taka zuwa ƙaramin asibitin unguwa a auna shi a ba shi magani. Da aka kawo na'urar Auta asibitin, ranar rajista da ƙyar ta ɗauki wani abu mai kama da zane a yatsansa, amma Baba bai damu ba. Da wata ya zagayo, ya sa rigarsa mai guga, ya je da wuri, ya zauna a kan benci yana sanar da duk wanda ke layi cewa wannan abu mai ƙyalli 'yarsa ce ta ƙera shi.

Wajen ƙarfe goma, Auta na tsakiyar taro da shugabansu, wayarta ta yi ƙara.

"Auta, abin nan naki ya ce bai san ni ba."

"Wane yatsa ka sa, Baba?"

"Duka goman. Saura na ƙafa."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta same shi a bakin tagar karɓar magani, mutanen layi sun zagaye shi kowa da shawararsa. Wani ya ce ya hura wa yatsan iska, wata ta ce ya shafa mai. Auta ta kama hannun mahaifinta ta juya shi a haske. Hannun da ya raine ta ne, amma ba ta taɓa dubansa haka ba. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali. Siminti ya cinye zanen tun kafin a haife ta.

"Ba komai, Baba," in ji ta, tana murmushin ƙarfin hali. "Akwai hanya ta biyu. Za a turo lamba a wayarka."

"Wace wayata? Lambar mamarki na bayar. Ni wayata tana cikin akwati."

Aka tura lambar. Auta ta kira Mama ta ce ta karanto mata saƙon da ya shigo yanzu.

"Wa ke magana?" in ji Mama.

"Mama, ni ce, Auta."

"Haka duk suke cewa. 'Yata ta gaya mini da bakinta, in lamba ta shigo wayata kada in faɗa wa kowa, ko da muryarta na ji, don yanzu har murya ake kwaikwaya."

"To ai ni ce na gaya miki!"

"In ke ce, kin san ba zan faɗa ba. Sai an jima." Ta kashe wayar.

Mutanen layi suka kwashe da dariya, har da wani mai bandeji a ka da ke riƙe da haƙarƙarinsa. Baba bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ita ya rage murya. "Ba ke kika gina abin ba? Buɗe mini kawai mu tafi."

"Ba zan iya ba, Baba. Na gina shi ne yadda ko ni ba zan iya leƙa fayil ɗin kowa ba."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ni dai duk tsawon aikina ban taɓa yin gidan da mai shi zai tsaya a waje ba."

Babbar nas ɗin asibitin, wadda kowa ke ce wa Sista, ita ta raba gardamar. Ta ce shekara goma sha biyu tana auna jinin Baba, ba ta buƙatar gilashi ya gaya mata ko wane ne. Ta rubuta masa magani a takarda aka ba shi. Sannan ta ja Auta gefe, ta buɗe aljihun tebur ta ciro wani littafin rubutu mai shuɗin bango.

"Tunda Allah ya kawo ki, duba nan. Waɗannan su ne na'urarki ba ta sani ba."

Mutum arba'in da uku ne, kowa da sunansa da sana'arsa. Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kunya ta rufe ta. Su ne ɓarayin da take kora duk Litinin.

Kwana uku ta yi tana zuwa asibitin tana zama a kan benci, tana roƙon mutane su nuna mata hannuwansu. Ta ga na mai wanki da guga, sabulu ya goge su tas. Ta ga na makaniki, duk tabo da tsaga. Ta ga na wata tsohuwa da fatarta ta yi laushi har zanen ya kwanta. Wata mata kuma ta zo karɓar wa mijinta magani, shi yana gida ba ya iya tashi, ta ce ko so ake ta ciro yatsan ta zo da shi a leda?

Da ta koma ofis ta ce dole a yi wata hanya, Dogo ya ajiye kofinsa. "Kin san dai ɓarawo ba ya bin babbar ƙofa. Duk wata ƙaramar hanya da kika buɗe don tausayi, ta nan zai shigo."

"Na sani. Shi ya sa kai za ka gwada ta."

Shugabansu ya ba su mako shida. Abin da ta tsara mai sauƙi ne. Wanda ba shi da zanen yatsa za a ba shi kati mai hotonsa. In ya zo da katin, ma'aikacin asibiti zai dube shi, ya ɗora nasa yatsan a madadinsa ya ce ya shaida shi ne. Fayil ɗin zai buɗu na minti goma sha biyar ya rufe kansa, kuma a rubuta sunan wanda ya tsaya masa. Ta ƙara da wani abu: marar lafiya na iya naɗa wakili, ya zaɓi abin da ya yarda wakilin ya yi.

Dogo ya ce yana buƙatar ɓarawo na gwaji, mai kama da wani marar lafiya. Auta ba ta yi dogon tunani ba. Baba na da ƙane, Baffa, wanda in ka gan su daga nesa sai sun yi magana za ka bambanta su. Da aka gaya masa, Baffa ya yi murna kamar an ba shi sarauta. Da sanin shugaban asibitin, ya ari katin Baba da hularsa, ya je da tsakar rana lokacin da Sista ta fita cin abinci. Ya sami wata sabuwar nas, ya yi mata tari biyu, ya sa mata albarka, ya tambayi lafiyar iyayenta. Kafin minti uku fayil ya buɗu.

Dogo ya yi dariya har ya zame daga kujera. Baffa kuwa ya yi mako guda yana ba da labari a gida, kullum yana ƙara masa gishiri.

Auta ta koma kan aikin. Ta mai da shaidun su zama biyu, ɗaya daga ɗakin awo, ɗaya daga ɗakin magani. Ta sa hoton mai katin ya riƙa fitowa ƙato ya cika fuskar kwamfuta, kuma duk lokacin da aka buɗe fayil ta wannan hanya, saƙo ya tafi wayar mai shi. Aka sake tura Baffa. Wannan karon mai ba da magani ya dubi hoton, ya dubi Baffa, ya ce, "Baba, ikon Allah, wushirya ta fito maka a wata guda?" Baffa ya dawo gida yana fushi, ya ce mutanen yanzu ba su da ladabi.

Ba a kai ƙarshen shekara ba Sista ta daina rubutu a littafinta mai shuɗin bango. Auta kuma ta canza abin da take gaya wa sababbin ma'aikata. Tana nan tana ɗaga yatsu uku, amma in ta gama sai ta tura su asibiti su zauna a benci yini guda kafin su taɓa kwamfuta.

Baba ya naɗa Mama wakiliyarsa, saboda ranakun da gwiwa ke hana shi fita. Da aka tambaye shi abin da ya yarda ta yi, ya zaɓi karɓar magani kaɗai, ban da karanta bayanan likita. Mama ba ta gano haka ba sai da ta je asibitin ta nemi a gaya mata abin da likita ya ce game da gishiri da sukari, aka ce ba ta da izini. Ta dawo ta tare Auta a bakin ƙofa tun ba ta cire takalmi ba.

"Ki buɗe mini in gani. Na san an hana shi, yana ɓoye mini ne."

"Mama, na'ura ta san ke ce. Amma sanin ke ce daban, izinin gani daban. Shi kaɗai zai iya ba ki."

Baba na zaune a kujerarsa da kofin shayi, yana juya cokali a hankali, fuskarsa kamar ba da shi ake ba. Mama ta dube shi, ta dubi kofin, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Shi kaɗai ko? To, shi kenan."

Washegari da safe Mama ta raka shi asibitin da ƙafarta, tana riƙe masa sanda. Kafin Auta ta isa ofis, saƙo ya shigo wayarta daga Mama: likita ya ce sukari cokali ɗaya, shi kuwa uku yake zubawa a shayi.