Muryar da Ta Kira Bitrus a Tsibirin Hilbre

Ranar Asabar ta farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, zumuntar matan cocinmu ta kwashe mu daga unguwarmu Gorton a Manchester zuwa bakin teku. Tun da asuba Mama ta tashe ni na taya ta ƙulla cincin da soyayyen nama a leda, ƙanena Bitrus kuwa, ɗan shekara shida, sai tsalle yake a kan gado. Mu da iyakar wasanmu ƙwallo a lungun bayan gida, ba mu taɓa jin an taka ƙasan teku da ƙafa ba.

Ranar kuwa sai ga mu mun taka. Tsibirin Hilbre yana bakin wani faffaɗan kogi inda ya haɗu da teku, kuma idan ruwa ya janye sai a bi yashi a isa. Muka tuɓe takalma, iyayenmu mata suka tattare zannuwa, muka yi ta tsintar kaguwa a ƙananan kududdufai. Da muka hau tsibirin, wani dattijon Bature mai kallon tsuntsaye ya gaya mana cewa a da can masu ibada sun zauna a nan, ya kuma nuna mana kangon ginin da a da ake ajiye kwale-kwalen ceto. Can nesa wasu dabbobin ruwa suna kwance a kan yashi suna wani kuka mai tsawo. Mama, wadda ta tashi a Numan, ta ce sun yi mata kama da ayun Binuwai, amma ayu ba ya kuka kamar macen da aka yi wa rasuwa.

Muna cikin cin abinci hazon teku ya sauko, mai sanyi da laima, har ba ka ganin wanda ke gabanka. Aka ce a tattara kafin ruwa ya dawo. Sai aka nemi Bitrus aka rasa. Mama ta yar da jakarta, ta shiga hazon tana ƙwala kiransa, ni kuma ina riƙe da bakin zanenta ina jin ruwa ya fara dukan duwatsu. Duk kiran da ta yi, kukan dabbobin nan ne ke amsa mata.

A ƙasan kangon muka same shi zaune a kan dutse, wandonsa jiƙe sharkaf har ƙugu. Ba ya kuka. Da Turancinsa na Manchester ya ce wa Mama, yana nuna teku, "Na ji kina kirana ta can, sai na bi. Amma wata kaka ta kama hannuna, ta ce ba ke ba ce." Mama ta tambaye shi da wane yare matar ta yi magana. Ya ce da Hausa. Cikin matan da muka zo da su babu tsohuwa ko ɗaya.

Kafin mu komo ruwa ya rufe hanya. Muka zauna a tsibirin har la'asar muna jiran ya janye, matan sun kewaye mu suna waƙoƙin coci a hankali, Mama ba ta saki wuyan hannun Bitrus ba.

Yanzu ina zaune a Aston da 'ya'yana, waɗanda ke duba lokacin janyewar ruwa a waya kafin su taka ko'ina. Bitrus yana tuƙa bas a Manchester, ya ce bai tuna komai ba, amma bai sake zuwa bakin teku ba. Mama ta rasu, matan zumuntar sun warwatsu, babu sauran wanda zan tambaya. Har yau ban san wa zan gode wa ba.